Rawar Tattasai a Gure

Tun da na dawo daga Gure shagon ɗinkina ya koma dandali. Mace za ta shigo da sunan gwajin riga, ta samu benci ta baje, ta ce, "Binta, wai da gaske ne ƙanwarki rawa take yi a Nijar?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wadda ta fita sai ta ƙara masa gishiri. Jiya har wata ta rantse mini an ce Rakiya ta shiga fim. Shi ya sa na ajiye almakashi na zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi ɗinkina.

Rakiya ce autarmu. Ta auri Habu, wani Badamagare mai fataucin tattasai, suka zauna a wani ƙauye a bakin kogin Komadugu, can gabas wajen Diffa. Shekarun baya mahara suka faɗa wa ƙauyen da hantsi, lokacin an baza tattasai yana shan rana. A wurin shanyar aka kashe Habu. Rakiya ta goya 'yarta Nana ta bi ayarin masu gudu, har Allah ya kai su Gure, gidan wan mijinta, Alhaji Sule, mai shago a kasuwa. Da ta gama takaba mun so ta dawo Kano, amma ko ƙarar mota ta ji sai jikinta ya ɗauki ɓari, aka ce a bar ta ta huta. In na kira ta a waya ba ta wuce "lafiya lau", sai in yi ta jin numfashinta har mu kashe.

Ana nan sai ga babban wanmu, Yaya Auwalu, ya shigo gida rai a ɓace, ya miƙo mini waya. Wani guntun bidiyo ne. Mata sun yi da'ira ana kiɗan ƙwarya, ga Rakiya a tsakiya tana juyi.

Ya ce, "Matar da mijinta ya yi irin wannan mutuwa ce take taka rawa? Ko dai ta taɓu, ko wasu sun same ta a raunane suna wasa da ita. Ki shirya ki je ki taho mini da ita."

Innarmu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jinmu. Ni kuwa na ce zan je, amma sai na gani da idona tukuna kafin in ɗaure wa kowa kaya. Ban taɓa fita ƙasar nan ba, amma hanya ba ta ba ni tsoro. Na ɗinka wa Nana riguna, na daka yaji mai yawa irin wanda Rakiya ke so tun tana yarinya, na kama hanyar Daura.

A motar Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa, Hajiya Gambo, mai safarar atamfa zuwa Damagaram. Tun kafin mu wuce Kazaure ta san sunana da na kakata da abin da zai kai ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar Ingilishi ce ta gaske. Ki riƙe gefen zanina kawai, kada ki ɓace a Faransa." Haka tsofaffinsu ke kiran ƙasashen biyu har yau.

A iyaka muka sauka aka duba takardu. Nawa ba su da matsala, amma na kasa gane tambayar da wani jami'i yake yi mini, don Hausar tasa rabi Faransanci ce. Hajiya Gambo ta tsaya mini tafinta. Sai aka zo duba kaya a wurin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu. Wani dogon saurayi mai ladabi ya ɗago ƙullin ledata ya ce, "Hajiya, mene ne a nan?" Na ce yaji ne, kada ka buɗe. Ya buɗe. Atishawar da ya yi sai da hularsa ta faɗi, na kusa da shi ma ya kama, har direbanmu da ke nesa ya samu rabonsa. Yana share hawaye yana dariya ya ce, "Wuce, Hajiya, wuce. Wannan ai makami ne, amma ba ya cikin waɗanda aka hana."

Mun shiga Damagaram da la'asar sakaliya, motocin Gure sun riga sun tashi. Hajiya Gambo ta ce ba a yi gidan da zan kwana ba sai nata. Ta ce bari ta kira mana kabu-kabu. Na gyara tsayuwa ina jiran mota, don mu a Kano abin da kabu-kabu ke nufi ke nan. Sai ga babura biyu. Na ce, "Hajiya, ni rabona da acaɓa tun ina da ƙuruciya." Ta ce, "To yau ƙuruciya ta dawo." Ta ɗare nata da dilar atamfa a cinya kamar mai hawa gado. Na hau nawa ina salati har ƙofar gida.

Gidanta a tsohon gari yake, lungu cikin lungu. Muna zaune a tsakar gida bayan magariba, ana fifita, sai na ji 'yarta ta ɗaga murya daga ɗaki, "Kuran ya zo!" Ban san lokacin da na miƙe na yi bayan Hajiya ba. Na ce, "Kura? A cikin gari?" Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe wutar lantarki suke ce wa kuran. Aka kawo mini dogon burodinsu mai tauri kamar sanda, da miyar nama, da alkaki wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Shayinsu kuwa a ɗan mitsitsin kofi yake zuwa, na farko da ɗaci kamar magani. Na shanye na yi godiya na ɗauka an gama, ashe akwai na biyu da na uku, kuma wanda ya tashi kafin na ƙarshe ya raina masu gida.

Da safe ta raka ni tasha da kanta, ta damƙa ni a hannun direba ta ce, "Wannan ƙanwata ce, ka sauke ta ƙofar shagon Alhaji Sule." Muka bi ta Mirya da Gidimuni, inda mata suka kewaye motar da dabino da rake. Daga nan bishiyoyi suka fara ja da baya, yashi ya karɓi gari. Wani Bafillace da ke kusa da ni ya ɓantaro mini cuku, busasshen cukwin nono mai faɗi kamar takarda. Na sa a baki na nemi taunawa, haƙorina ya ce bai san zancen ba. Ya ce, "Ba a yi masa gaggawa, Hajiya, a baki ake barinsa ya jiƙa." A haka na tsotse shi har Gidigir. Can gaba taya ta yi faci, muka sauka muka zauna a gindin wata ƙaya, aka yi ta hira da Hausa da Barbarci a cakuɗe, ina kama rabi ina sakin rabi.

Gure gari ne a kan yashi, in ka taka sai ƙafarka ta nutse. Alhaji Sule ya tarbe ni da mutunci ya sa aka kai ni gida. Matarsa Aisa, Babarbariya ce, fara'a kamar ta san ni tun haihuwa. "Wushe, wushe, lale da baƙuwar Kano!" Ta kawo ruwa da fura. Na tambaye ta ina Rakiya, ta ce tana gidan zane, sai an jima za ta dawo. Ni da nake tela sai na ji daɗi, na ce, "A'a, ashe ta samu aiki a shagon atamfa?" Aisa ta ce, "Ba zanin ɗaurawa ba, Yaya. Zane na hannu, wanda ake ratayewa a bango."

Da na fara fito da tsaraba ta ga ƙullin yaji, sai fuskarta ta canza. Ta karɓe shi ta tura ƙarƙashin gado. Ta rage murya ta ce, "Da kin zo bara, da wannan ya ɓata mana kwana uku. Tun da ta zo gidan nan ba ta iya kallon jan abu. Tattasai, tumatir, jan mayafi, har jar hular Alhaji sai da muka ɓoye. Miyarta daban nake yi mata, fara fat. Yanzu da sauƙi sosai, amma bari mu ga yadda ta dawo."

Da Rakiya ta shigo ban gane ta nan take ba. Ba wai ta yi ƙiba ba ne, a'a, tafiyarta ce. Ta shigo da sallama da ƙarfi, hannuwanta duk shuni har gwiwar hannu, Nana na biye da ita da jakar lakwal, wato makarantar boko. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Yaya Binta." Muka rungume juna muka yi kukanmu. Da muka natsu ta ce, "Yaya Auwalu ne ya turo ki ko?" Na ce shi ne. Ta ce, "To ki bari sai kin ga wurin. In kin gani kin ce in bi ki, zan bi ki." Maganar da ta yi a zaman nan ta fi duk wadda na ji daga bakinta tun rasuwar Habu.

Washegari ta kai ni. Wani tsohon sito ne na gyaɗa a bayan kasuwa, mai shi ya ba da aro aka shafe shi da farar ƙasa. Gaba akwai babban zaure, a nan ake rataye zanen, kowa na iya shiga, maza da mata. Ciki kuma tsakar gida ce ta mata zalla. Wani tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Mushe shi ke kula da zauren. Shi ya fara koya wa matan da suka gudo daga gabas riƙe buroshi, don ya lura in ya tambaye su abin da ya same su ba sa iya faɗa, amma in ya ba su gawayi da ƙyalle sai hannu ya yi ta tafiya. A kan farin alawayyo suke zanen, da shuni da lalle da jar ƙasa da toka, da ɗan fentin da aka samu.

Na bi bangon ina kallo. Wata ta zana kwalekwale babu kowa a ciki. Wata ta zana ƙofar gidanta kawai, da kwaɗo a rufe, ta ƙawata ƙofar da irin zanen da ake yi wa ƙwarya. Wata tsohuwa ta zana shanunta ɗaya bayan ɗaya, kowace da kamanninta, tana tsaye a wurin tana gaya wa duk mai wucewa sunayensu. Mushe ya ce, "Ga na ƙanwarki, Hajiya. Ki fara daga hagu."

Na hagun duk shuɗi ne da toka-toka, kogi da hanya da mutane ba fuska. Ina matsawa dama sai na ga wani ɗan ɗigon ja a kusurwar ɗaya, kamar an yi kuskure. A na gaba ɗigon ya zama uku. Na ƙarshen kuwa faɗinsa ya kai tabarma, ja ne jawur daga gefe zuwa gefe, shanyar tattasai ce, ga wani mutum a tsakiya ya sunkuya yana juya shi da hannu, hularsa ta karkace. Ko ba a gaya mini ba na san karkatar hular nan. Rakiya ta ce, "Na gaji da tuna shi a kwance, Yaya. Na ce bari in tsayar da shi yana aikinsa."

A cikin gida na haɗu da Ya Fanna, shugabar masu rawar, wata doguwar tsohuwa mai zane a fuska, ita ma daga bakin kogin ta gudo, 'ya'yanta maza biyu ba su fito ba. Na gaishe ta na ce mata gaskiya, wanmu ya ga bidiyo bai ji daɗi ba. Ta ce, "Wata baƙuwa ce ta ɗauka ba da izininmu ba, tun ranar muka hana shiga da waya. Amma ki gaya wa wanku, mu can gida in an gama tsinkar tattasai rawa muke yi, uwayenmu ma haka suka yi. An ƙwace mana gona da gida da maza. Ita ma rawar mu bar musu?" Ta ce in dawo ranar Juma'a bayan la'asar.

Kafin Juma'ar Aisa ta zaga da ni gari. Ta kai ni wani kwari a bayan gari, inda za ka gangara daga tudun yashi tsirara sai ka faɗa cikin dabino da goruba da lambun rogo, ruwa na kusa ƙwarai har kana jin sanyinsa a ƙafa. Ta ciyar da ni burabusko da miyar kuɓewa busasshiya. Na lura su ba sa gaggawar gaisuwa, a tsaya a tambayi gida da gajiya da zafi da dabbobi, a sake komawa farko. Ni da na saba da "ya gida, sai an jima" na Kano sai da na koyi tsayuwa.

Ranar Juma'a tsakar gidan ta cika da mata, 'yan gari da 'yan gudun hijira, ba ka bambance su. Aka kife ƙore a cikin manyan kwanonin ruwa, Ya Fanna ta zauna a gaban babbar. Masu rawar suka fito da dogayen riguna da mayafai, ba abin da ya bayyana sai tafin hannu da ƙafa. Rawar ba irin ta biki ba ce. Aiki ne suka mai da shi rawa. Su sunkuya kamar masu tsinka, su zuba a kwando, su ɗauka a ka, su baza a ƙasa, su juya da hannu. Sai kiɗan ya yi sauri, kowace ta kai hannu baya kamar mai tallafe goyo, suna gudu a wuri ɗaya, ƙafafu na watsa yashi.

Ana cikin wannan gudun sai wata babbar mota ta fasa taya a kan kwalta, bayan katangar. Ƙarar kamar a cikin kunnena. Wuri ya hargitse. Masu kiɗa suka saki sanduna, wasu matan suka kwanta rub da ciki, wata ta yi ƙofa tana kiran ɗanta. Rakiya kuwa ta ƙame a tsakiyar fili, hannuwanta a baya, idonta a buɗe amma ba mu take gani ba. Na yunƙura zan je in janye ta, a raina na ce shi ke nan, gobe sai Kano. Aisa ta damƙe wuyan hannuna ta ce, "Tsaya, Yaya. Ki ba ta lokaci kaɗan."

Ya Fanna ba ta tashi daga wurinta ba. Da tafin hannu ta ci gaba da buga ƙwaryar a hankali, kamar mai lallashin jariri, tana cewa, "Taya ce. Gure muke. Taya ce, 'ya'yana, Gure muke." Na zuba wa ƙafar Rakiya ido. Can sai babban yatsanta ya motsa cikin yashi. Sai diddige. Ta sauke hannuwanta daga baya, ta ja dogon numfashi, ta sunkuya ta ɗago wadda ke kwance kusa da ita. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna kakkaɓe riguna, wasu na kuka wasu na dariyar kansu. Masu kiɗa suka ɗauki sandunansu.

Daga nan aka zo wurin da ba ya cikin bidiyon. Kiɗa ya tsaya cak, da gangan wannan karon. Kowace mai rawa ta matso gaba ta kira sunan wanda ta rasa, mu kuma mu amsa, "Allah ya jiƙansa." Ya Fanna ta kira nata biyu. Da aka zo kan Rakiya na ɗauka za ta ce Baban Nana, don kun san mu, mace ba ta kama sunan miji, kuma tun da aka ɗaura musu aure ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta ɗaga kai ta ce, "Habubakar." Da ƙarfi, har bayan fili. Na amsa tare da jama'a. Sai aka saki kiɗan murna na gama tsinka, duk gidan ya miƙe, Aisa ta ja ni cikin fili ban yi gardama ba.

Da muka koma gida Rakiya ta zauna a bakin murhu ta ce, "Aisa, ina jin ƙanshin yajin Kano a ɗakin nan tun ranar da Yaya ta zo. Fito da shi." Ta barbaɗa a kan tuwonta ta ci har tana gumi. Sannan ta dube ni ta ce, "To, Yaya, in haɗa kaya?" Na ce, "Kayan wa? Ki zauna ki gama abin da kika fara. In kin tashi zuwa Kano ki zo da ƙafarki, ganin gida." Ta ce da babbar salla za ta gwada shiga mota, in ta iya kaiwa Damagaram to za ta iya kaiwa Kano.

Na dawo ni kaɗai. Yaya Auwalu ya zo ya same ni a tsakar gida, ya leƙa bayana ya ce, "Ina take?" Na ce ya zauna. Na ba shi labari tun daga bangon zane har fashewar taya, ban rage komai ba. Da na zo wurin kiran suna sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Ita da bakinta ta faɗa?" Na ce da bakinta. Ya ce, "Tana cin abinci?" Na ce har da ƙari. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "To yanzu wa zai yi wa Inna bayani?"

Inna ta ce daga ƙofar ɗakinta, "Ba kurma ba ce ni." Ta jawo ƙwaryar da take tsince shinkafa, ta juye shinkafar a faifai, ta kife ƙwaryar a gabanta. Ta ce, "Binta, tashi ki nuna mini yadda take takawa."

Na ce, "Inna, a gaban Yaya?"

Ta ce, "In kunya yake ji ga zaure can."

Bai tashi ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu, ni mai jikoki biyu, na sunkuya ina tsinkar tattasai a tsakar gidanmu, Inna na buga ƙwarya da 'yan yatsunta da suka kanannaɗe, kiɗa mai kyau wanda ban taɓa sanin ta iya ba. Ban yi nisa ba ta tsaya ta girgiza kai.

Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya ƙafarki nauyi gare ta. Zauna, kada ki ɓata mata rawa. Zan jira mai ita."